Ranar da Na Ga Burtu da Ransa

Tun ina ƙarami na san burtu, amma kansa kaɗai na sani. Kakana maharbi ne, yana da busasshen kan burtu rataye a ɗakinsa. In zai shiga daji sai ya ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya riƙa tafiya a durƙushe yana saran ƙasa kamar mai kiwo, har ya kusanci barewa ba ta gudu ba.

Da rani malaminmu na kimiyya ya kai mu Yankari, gandun dajin da aka keɓe a 1956, wanda ya koma hannun Gwamnatin Jihar Bauci a 2006. Mu dai giwa muka je gani, da wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Da sassafe mota ta bi da mu bakin kogin Gaji, inda namun daji kan taru saboda ruwa. Giwa ko ɗaya ba mu gani ba, sai kashinta. 'Yan ajinmu suka fara gunaguni.

Malam bai kula su ba. Ya ce tsuntsayen dajin nan sun fi iri 350, sa'an nan ya miƙo mini madubin hangen nesa. Na ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, ga kuma carki bisa bayan ɓauna yana cire mata kaska.

Can sai na hango waɗansu baƙaƙen tsuntsaye biyu, manya, suna takawa sannu sannu cikin ciyawa. Gabana ya faɗi. Kai, ashe burtu har gashin ido gare shi, zara-zara! Namijin maƙogwaronsa ja da shuɗi, na macen shuɗi ne duka. Da suka tashi sai ga fari fat a bakin fikafikansu. Malam ya ce kullum tare suke yawo, kuma ɗa guda suke rayawa in sun yi ƙyanƙyasa, shi ya sa ba su da yawa.

Da na koma gida na ba Kaka labari. Ya tambaye ni, "Su nawa ka gani?" Na ce biyu. Ya yi shiru, ya dubi bango, sa'an nan ya ce wannan ma su biyu ne ranar da ya harbe shi, macen ta kwana uku tana kira a wurin.