Na biyu ba mataimaki ba ne

A watan Agusta na 2016, a wasannin Olampik na birnin Riyo, Abdurrazak Isufu Alfaga ya kai karon ƙarshe na taekwondo, ajin masu nauyin sama da kilo 80. Radik Isaev na Azarbaijan ya rinjaye shi, ya komo Yamai da lambar azurfa. Rabon Nijar da lamba a waɗannan wasanni tun tagullar Isaka Dabore, ɗan dambe, a Munik a 1972: shekara 44 ke nan.

Faransanci ya ba shi suna nan take: vice-champion. Masu juya labari zuwa Hausa kuwa, da yake sun saba mai da vice-président mataimakin shugaba, bakinsu yakan zame su ce mataimakin zakara. Nan kuskuren yake. Mataimaki naɗa shi ake yi, ya riƙe wa maigidansa aiki in ba ya nan. Wanda ya zo na biyu bai taimaki kowa ba. Gaba da gaba ya yi da zakara, yana neman kada shi.

'Yan jarida kuma sukan ce dauphin, wato sunan babban ɗan sarkin Faransa mai jiran gado, kamar Yarima ko Ciroma a fadojinmu. Wannan ya fi kusa, don a 2017, a Muju ta Koriya ta Kudu, Alfaga ya zama zakaran duniya. Amma gasa ba gidan sarauta ba ce: na biyun bana ba a yi masa alkawarin baɗi ba.

Filin kokowa ya fi kowa sanin matsayin nan. Tun 1975 da aka soma kokowar ƙasa a Tawa, mutum ɗaya ke ɗaga takobi, don ba a sarki biyu zamani ɗaya. Wanda ya faɗi a karon ƙarshe kuwa, sai da ya ga bayan 'yan kokowar jihohi kafin nasa ya taɓa ƙasa.

Saboda haka Hausa ba ta bukatar aro. A ce na biyu, ko mai bi wa zakara. Ɗan lakkol da ya kawo wannan sakamako gida, uba ya tambaye shi mutum nawa ya wuce, kafin ya tambayi wa ya wuce shi.