Tsakaninmu: Kokawar Takobi Ta Fara Yi Mini Tsawo

Ku matso kusa, 'yan'uwa, wannan magana ba ta cikin kasuwa ba ce, don in mutanen Dosso suka ji ta daga bakina za su ce na ci amanar maƙwabtaka. Kokawar takobi ta fara yi mini tsawo. Kun san irin ƙaunar da nake mata. Da sanyi ya shigo, mu nan Malanville sai mu kewaye talabijin muna kallon Télé Sahel kamar a ƙofar gidanmu ake yi, kuma ai kogi ne kaɗai tsakaninmu da Gaya. Tun da aka rufe gada a 2023, kallon nan ya zama wani zumunci da ya rage mana.

Alhaji, na ga ka ɗaga gira. Ba kiɗa nake nufi ba, ba kirari ba. Tun 1975 da aka fara gasar a Tahoua, Kantu na Maradi ya ɗauki takobin farko, da ganga da maroƙa aka san ta, kuma ko awa guda za a yi ana wasa ɗan kokawa ba zan motsa ba. Damuwata tana farawa ne bayan alƙali ya busa. Ƙarti biyu su sunkuya, su riƙe hannu, su saki, su shafa ƙasa, su sake zagayawa. Minti biyar, minti goma, babu wanda ya kai kamu. Tsoron faɗuwa ne, domin ga kuɗi, ga takobi, ga sunan jiha a wuyan mutum. Gargaɗin alƙali kuwa sau da yawa sai jama'a sun gaji da ihu yake zuwa.

Amurkawa sun sha wannan ciwo a wasansu na besbol, wanda ɗaya ke jifa da ƙwallo ɗaya yana dukanta da sanda. Da can babu agogo a cikinsa, zagaye tara ne, in an yi canjaras a ci gaba. A 1981 ƙungiyoyin Pawtucket da Rochester suka yi zagaye 33, sama da awa 8, har sai da aka dakatar da su da asuba aka ƙarasa bayan wata biyu. Wasan yau da kullum ma ya kai awa 3 da minti 4 a 2022, kuma yawancinsa tsayuwa ce: mai jifa yana murza ƙwallo, mai duka yana gyara safar hannu. A 2023 suka kafa agogo: daƙiƙa 15 ka jefa, ko 20 in akwai abokin hamayya da ke jiran gudu, in ka wuce a hukunta ka nan take. Wasa ya dawo kusan awa 2 da minti 40, ba tare da an rage zagaye ko ɗaya ba.

Malam, na san abin da za ka ce, haƙuri ma dabara ce, kuma ɗan kokawar nan Issaka Issaka bai tara takubbansa da gaggawa ba. Gaskiyarka. Amma duk wanda ya taɓa shiga fili yana gane mai karanta abokin karawarsa da mai jiran lokaci ya ƙare. Na farkon ƙafarsa tana neman hanya, na biyun baya yake ja. Shi nake so a sa wa ƙa'ida: in minti biyu suka wuce bai kai kamu ba, gargaɗi ya hau kansa, ko shi wane ne, ko daga wace jiha ya fito.

Yaran gidanmu nake ji. Yanzu ba sa zama da mu, sai a tura musu kayen a WhatsApp, daƙiƙa goma, su kalla su wuce. Ba su san mawaƙin da ya zuga ɗan kokawar ba, ba su ga yadda ya yi ta lallaɓa ƙafar abokinsa kafin ya ɗauke ta ba. Ina so bana su zauna da mu tun daga kirari har a ɗaga hannun wanda ya yi kaye.