Ni da Bishiyar Harsuna

Bara Malam ya ba mu aikin zana bishiyar harsunan Cadi bisa rabon da Paul Newman ya yi a 1977. Na ce ni kam ba zan wahala da fensir ba. Abokina ya koya mini Graphviz: ka rubuta wane ya haifi wane, kwamfuta ta zana.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Rassan nan huɗu, Yamma, Biu-Mandara, Gabas da Masa, suka baje har Masa ta fice daga takarda. Da na rubuta rankdir=LR, sai bishiyar ta tashi daga hagu zuwa dama, ta shiga daidai. Sai kuma ƙ da ɗ na bayanan da na sa suka koma 'yan akwatuna. Kwana biyu ina zargin rubutuna, alhali samfurin haruffan ne ba shi da masu lanƙwasa. Ana gobe miƙa aiki na sauya shi da DejaVu Sans, suka fito.

Malam ya duba, ya ce zane ya yi kyau, amma yaya Gwandara, 'yar'uwar Hausa, ta koma Gabas? Nan fa na yi shiru. Abin da na faɗa wa kwamfuta shi ta zana.