Jifan Boka a Fim da Gudun Haske

Mai karatu, na san ka sha ganin wannan a finafinanmu: boka na zaune a ƙungurmin daji, ya kira sunan yarinya a ƙwaryar ruwa, ya caka wuƙa. Kafin ya zare hannu, ga ta can a Kano ta yanke jiki ta faɗi. Mu masu sharhin fim mun san aikin edita ne, hoto biyu ya haɗa. Amma tambayar ta daɗe tana yi mini yawo a ka: shin abin da aka aikata a nan zai iya shafar na can nesa nan take, ba tare da ya ci lokaci a hanya ba?

Masana fiziks sun ce a'a. Bisa nazarin da Albert Einstein ya fitar a 1905, gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, shi ne iyaka. Ko hasken rana sai ya yi minti 8 da 'yan kai kafin ya iso mu.

Sai dai akwai wani abu mai kama da aikin bokan nan. Ana iya samar da ƙwayoyin haske biyu tamkar tagwaye, a raba su nesa, amma abin da awo ya nuna a kan ɗaya sai ya dace da na ɗayar. Einstein ya yi ƙorafi a kai a 1935, John Bell ya kawo hanyar gwaji a 1964, kuma a 2022 Clauser da Aspect da Zeilinger suka ci kyautar Nobel saboda tabbatar da shi. To ga inda gizo ke saƙar: mai awo ba shi ke zaɓar sakamako ba, kamar jefa kwabo ne. Na can gefen ba zai gane komai ba sai an kira shi an gwada lissafi. Saƙo ba ya bi ta nan.

Abin da ya sa na damu shi ne Birnin Gwari. Tsakaninta da Kaduna wajen kilomita 120 ne, tafiyar da haske zai yi cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Amma a 2021, da aka katse layukan waya saboda 'yan bindigar da ke dazukan yankin, irin su Kamuku, labari ya koma gudun mota. Gargaɗi ne ko saƙon rasuwa, sai an jira direban da ya ratso ta Buruku lafiya.

Ka ga ke nan, ba iyakar haske ce ke wahalar da mu ba, hanya ce da sabis. Don haka daraktocinmu, ku ɗan hutar da ƙwaryar boka. Ku nuna mana uwar da ke zaune a tasha tana jiran labarin ɗanta. Wallahi wannan jiran ya fi kowane jifa tayar da hankali.