Ciwon Da Ba Ya Tsayawa Likita Ya Gani

Duk wanda ya taɓa kai mota wurin makanike saboda wata ƙara da take yi, da isarsa gareji kuma ƙarar ta yi tsit, ya san irin wahalar da nake son yin magana a kanta yau. Abin da ya lalace gaba ɗaya yana da sauƙin sha'ani, domin ka san matsayinka, ko ka gyara ko ka jefar. Amma abin da zai yi aiki minti ashirin, ya tsaya minti uku, sa'an nan ya dawo kamar babu abin da ya faru, shi ne mai sa furfura. Haka intanet ta yi mini a gida wajen wata biyu. Ni kuwa ɗan jarida ne, labarina in bai isa teburin edita kafin a rufe shafi ba, ya zama tsohon zance.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne alamar waifai da ke ƙasan allon kwamfutar a cike take, amma shafi ya ƙi buɗuwa. Ita dai wannan alama ba ta nuna komai illa ƙarfin muryar akwatin nan mai rarraba intanet a gida, wanda yara ke kira rauta. Jin muryar mutum daban, samun biyan bukata a wurinsa daban.

Mai karatu ya sani, tsakanin kwamfutarsa da shafin da yake nema akwai zango-zango. Da farko sai kwamfuta ta kama akwatin ta iska. Sa'an nan akwatin ya ba ta adireshi, watau lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, kamar 192.168.0.101, bisa ƙa'idar da aka rubuta tun 1981. Daga nan akwatin ya miƙa saƙo ga kamfanin da ake saye data a wurinsa. Akwai kuma mai fassara a hanya, wanda ke juya sunan shafi ya koma lamba. Galibin mutane da abu ya tsaya sai su kashe akwatin su kunna, in ya ƙi su hau zagin kamfani. Wani lokaci a dace, amma wanda ya dace bai san abin da ya warkar ba, gobe kuma ciwon ya dawo.

Wani saurayi mai kula da kwamfutocin ofishinmu ne ya ɗora ni a hanya. Ya ce, "Yaya, kada ka kawo mini ita nan, lafiya lau za ta yi a gabana. Ka nemi littafi ka riƙa rubuta lokacin da ta yanke, da abin da ake yi a gidan a sa'ar." Ya kuma koya mini wani ɗan umarni da ake kira ping, wanda wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta a watan Disamba na 1983, ya raɗa masa suna daga ƙarar da jirgin ruwa mai nutso ke aikawa ya saurari amsa-kuwwarta. Aikinsa ke nan, ya yi sallama a ƙofar wani adireshi ya faɗa maka ko an amsa. In an ƙara masa -t a kwamfuta mai Windows, ba zai daina sallama ba sai an tsai da shi.

To, sai na buɗe taga uku na bar su suna ta sallama: ɗaya ga akwatin gidana, 192.168.0.1, ɗaya ga 8.8.8.8, lambar mai fassarar Google da ke can waje, ta uku kuma ga wani shafi da sunansa. Hikimar a bayyane take. In akwati ya amsa na waje ya yi shiru, laifin yana tsakanin akwati da kamfani. In lamba ta amsa suna ya ƙi, mai fassara ne ya yi barci. Abin da na gani kuwa shi ne duka ukun suna yin shiru tare. Akwatin da ke falo, taku bakwai daga inda nake zaune, shi ma ba ya amsa mini. Ashe ɓarawon a cikin gida yake.

Akwai waɗanda aka saba zargi a irin wannan hali. Waifai mai tafiya a kan zangon 2.4 yana rabon iska da murhun ɗumama abinci na lantarki da akwatunan maƙwabta, a gidan haya na Legas kuwa sai ka ƙirga sunaye goma sha biyar daga ɗakinka. Na matsar da akwatin daga hanya ta 6 zuwa ta 11, na hana kwamfuta kashe waifai don tattalin batir. Abin bai canza ba.

Littafin nan ne ya tona asiri. Bayan mako biyu na ga yankewar ba ta zuwa sai ranar da aka ɗauke wuta aka kawo, kuma sai da daddare, sa'ad da maiɗakina, wadda malamar makaranta ce, ta kunna firinta don buga wa ɗalibanta tambayoyi. Firintar ta hannu ce, kuma wanda ya riƙe ta kafin mu ya kafa mata adireshi na dindindin da hannunsa, 192.168.0.101. Shi kuwa akwatinmu daga 100 yake fara rabo, kuma da an ɗauke wuta sai ya manta wa ya ba me, ya sake sabon lale. Wanda ya fara tambaya ya sami 100, na biyu ya sami 101. In kwamfutata ce ta zo ta biyu, da an kunna firinta sai gida biyu su tashi da lamba ɗaya. Masinja ya zo da wasiƙa, wani sa'i ya miƙa mini, wani sa'i ya miƙa wa firinta, ita kuwa ba ta da abin yi da ita. Ranar da wayar maiɗakina ce ta zo ta biyu, ni ina aiki lafiya ita tana ƙorafin data. Na zare wayar firinta ina kallon allo, nan take tagogin nan uku suka ci gaba da amsawa.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Na mai da firintar 192.168.0.50, can nesa da inda akwati ke rabo. Wata ranar Asabar kuma na je kasuwar kwamfuta ta Ikeja na sayo wa akwatin ɗan batir, don kada ya riƙa suma duk sa'ad da aka juya daga wuta zuwa inji.

Saura abu guda da mai karatu zai iya gamuwa da shi. In ya rubuta ipconfig ya ga adireshinsa ya fara da 169.254, ma'anarsa kwamfuta ta roƙi akwati adireshi bai ba ta ba, ta gaji ta raɗa wa kanta, wannan lamba kuwa ba ta fita ƙofar gida. Yakan faru in ta yi tambaya akwatin bai gama farfaɗowa ba. Sai ya jira fitilun akwatin su daidaita, ya rubuta ipconfig /release, ya bi shi da ipconfig /renew, sa'an nan ya duba ko lambar ta koma mai farawa da 192.168.