Dokin Ƙofa Ya Fi Doguwar Hanya Wuya

Mu da shan-inna ta kama tun muna rarrafe, shekaru sun nuna mana cewa ba nisan hanya ke tsare mutum a ɗaki ba. Abin da ke tsare shi bai wuce faɗin yatsu uku ba: dokin ƙofar zaure, bakin kwata, rairayin lungu, ɗan tudun siminti a ƙofar masallaci. Na san waɗanda aka ba keken guragu sabo fil a taron rabon kaya, aka yi hoto aka watse, keken ya ƙare a jingine yana shan ƙura, don babu wanda ya koya musu tsallake waɗannan.

Yarana, dabara ce, ba ƙarfi ba. Ƙananan tayoyin gaba su ke cijewa, don haka su ake fara koyon ɗagawa. Ka ɗan ja baya kaɗan, sannan ka tura gaba da hanzari, sai gaban keken ya tashi. Da zarar ƙananan tayoyin sun hau, ka sunkuyar da ƙirjinka gaba don nauyi ya sauka daga manyan tayoyin, ka sake turawa. Ka fuskanci tudun kai tsaye, kada ka zo masa a karkace, domin taya guda na iya hawa guda ta ƙi. In saukowa za ka yi daga ɗan dakali, da baya ake sauka, kana sunkuye, tayoyin biyu tare. A rairayi kuwa, ka mayar da nauyinka baya, in ba haka ba gaban ya nutse.

Kada kowa ya koyi wannan shi kaɗai. A samu mai tsayawa a baya, hannunsa kusa da mariƙin keken, ko ya riƙe igiyar da aka ɗaura a jikin keken, saboda faɗuwa ta baya ƙeya take nema. A fara da katako siriri a tsakar gida, gobe a ƙara kauri. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuma tausaya wa kafaɗunku, domin su ne ƙafafunmu har tsufa. Turawa mai tsawo a natse ta fi gajeru barkatai. Taya mai ƙarancin iska tana cinye ƙarfin mutum a banza, birkin ma ba ya kama ta sosai, saboda haka ku saba da mai faci.

Tun a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera matakai takwas na ba da keken guragu, kuma koyar da mai keken yana cikinsu. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a Nijeriya, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashiginsu. Wa'adin ya cika, amma matattakala na nan daram a ƙofofi da yawa. Inda aka yi gangara ma, sau tari tsayuwarta ta yi yawa. Ƙa'idar ita ce kowane inci ɗaya na tudu a ba shi inci 12 na tsawo.

Alhamdu lillahi, a 2020 aka tabbatar ƙwayar shan-inna ta daji ta kau daga Afirka. Amma haɗarin mota da shanyewar ɓarin jiki ba su daina zaunar da mutane a keke ba. Mai niyyar sadaka, ya haɗa keken da mai koyarwa. Ku kuma iyaye, in kun ga yaro yana fama da dokin ƙofa, ku tsaya a bayansa ku bar shi ya gwada. Ku tambaye shi kafin ku tura.