Ina zangunan fatakenmu?

A Brighton da Blackpool, garuruwan bakin teku na Ingila, har yau akwai mashaya da masaukai da aka gina a zamanin Sarauniya Biktoriya, tsakanin 1837 da 1901, lokacin da jirgin ƙasa ya fara kwaso ma'aikata zuwa shan iska. Abin da ake sha a ciki ba namu ba ne. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka adana tarihinsu: ginin da hukuma ta yi wa rajista ba a rushe shi sai da izini.

A daidai wannan zamani fatakenmu ke ɗauko goro daga Salaga, su ya da zango a Jega, sannan su nufi Sakkwato da Kano. Kowane zango da maigidansa, mai ba da masauki, ya riƙe ajiya, ya haɗa baƙo da dillali.

Ni ɗan Sanyinna ne, a bakin tsofaffi na ji labarin ayari. Wa zai nuna wa ɗalibaina inda jakunan suka kwana? Tsofaffin nan ƙarewa suke yi. Kafin mu nemi doka, mu je da wayoyinmu mu naɗi muryoyinsu.